Ciwon hanta nau'in C: Furotin ɗin ɗakin gwaji ya samar da gwaji da magani, me ya hana riga-kafi?

Wa'adin shekarar 2030 da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ɗibar wa ƙasashe domin shawo kan ciwon hanta yana ƙara ƙaratowa, amma alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna da sauran rina a kaba.

Kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in C a duniya. Wajen miliyan 8 daga cikinsu suna yankin Afirka na hukumar, wanda bai haɗa da ƙasashe irin su Masar da Sudan ba.

Duk shekara kusan mutum miliyan ɗaya ke kamuwa, kuma a 2022 cutar ta kashe sama da mutum 240,000, galibi ta hanyar ƙanƙancewar hanta da sankarar hanta.

Abin takaicin shi ne cutar tana da magani. Ƙwayoyin da ake sha na kimanin wata uku suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka sha. Sai dai kashi 36 cikin 100 kacal na masu cutar aka gano, kuma kashi 20 ne suka samu maganin. Allurar riga-kafi kuwa har yanzu babu ita.

Domin fahimtar yadda aka zo nan, da inda aka maƙale, sai an leƙa ɗakin gwaje-gwaje, inda ake aiki da wani abu da yawancin marasa lafiya ba su taɓa jin sunansa ba: furotin ɗin ƙwayar cutar da masana ke haɗawa da kansu.

Mene ne wannan furotin?

Ƙwayar cutar tana ɗauke da kundin gado mai haruffa kusan 9,600. Idan ta shiga hanta, sai ta tilasta wa ƙwayoyin halittar hantar su karanta kundin, su ƙera mata furotin guda ɗaya mai tsawo, wanda daga baya ake yanyanka shi gida 10.

Uku daga ciki su ne gangar jikinta: furotin ɗin tsakiya da ke naɗe kundin gadon, da wasu biyu da ke bayanta, waɗanda masana suka raɗa wa E1 da E2. Sauran su ne kayan aikin da take hayayyafa da su, ciki har da NS3 da NS5A da NS5B.

Abin da masana ke yi shi ne su yanko ɓangaren kundin da ke bayanin furotin guda ɗaya, su dasa shi a cikin bakteriya, ko yis irin na burodi, ko ƙwayoyin halittar dabba da ake renonsu a kwalba. Waɗannan halittu sai su yi ta ƙera furotin ɗin, a tace shi, a adana shi cikin sanyi. Saboda wannan dashen za a iya kiransa furotin ɗin dashe.

Tamkar mutum ne ya cire zanen fulogi daga littafin injin mota ya kai wa maƙeri. Maƙerin zai iya ƙera fulogi dubu, amma fulogi ba ya tafiya a kan titi. Haka furotin ɗin dashe ba ya hayayyafa, ba ya kuma harbar kowa da cuta.

Kamfanoni na sayar da shi ga jami'o'i da masu ƙera kayan gwaji a cikin 'yan mitsitsin kwalabe, akasari da rubutun gargaɗi cewa na bincike ne kawai. Ba magani ba ne, kuma ba a yi wa mutum allurarsa.

Yadda aka kama cutar da ba a taɓa gani ba

A shekarun 1970, Harvey Alter na Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka, NIH, ya lura cewa mutane da dama na kamuwa da ciwon hanta bayan an yi musu ƙarin jini, alhali gwaji ya nuna ba nau'in A ba ne, ba kuma nau'in B ba. An shafe fiye da shekara goma ana kiran cutar da "ba A ba, ba B ba", domin babu wanda ya iya ganinta ko renonta a ɗakin gwaji.

Michael Houghton da abokan aikinsa Qui-Lim Choo da George Kuo na kamfanin Chiron a jihar Kaliforniya, tare da Daniel Bradley na hukumar CDC, suka bi wata hanya daban.

Sun tattara gutsattsarin kundin gado daga jinin wani biri nau'in cimfanzi da ke ɗauke da cutar, suka dasa su a cikin bakteriya, kowane gutsure ya fitar da nasa furotin. Daga nan suka riƙa zuba ruwan jinin wani mara lafiya a kai, suna jiran ganin furotin ɗin da garkuwar jikinsa za ta gane ta cafke.

Bayan shekaru ana tantance miliyoyin samfura, guda ɗaya ya amsa, wanda suka ba lamba 5-1-1. A 1989 suka sanar da gano ƙwayar cutar.

Daga wannan gutsure aka haɗa furotin a cikin yis, aka ƙera gwajin jini na farko, wanda Amurka ta fara tantance jinin gudummawa da shi a 1990. Gwajin yana yawan kuskure saboda ɓangare ɗaya kawai na cutar ya ƙunsa. A 1992 aka fito da wanda aka ƙara wa furotin ɗin tsakiya da NS3.

A yau haɗarin kamuwa da cutar ta ƙarin jini a Amurka ya ragu zuwa kusan ɗaya cikin miliyan biyu. A 2020 Alter da Houghton da Charles Rice, wanda ya tabbatar cewa ƙwayar cutar ita kaɗai ta isa ta haddasa ciwon, suka samu lambar yabo ta Nobel.

Abin da tsinken gwaji ke gani

Nan ne batun ya shafi duk wanda ya taɓa miƙa yatsa aka tsira masa allura a asibiti, ko wurin ba da jini, ko lokacin gwajin kafin aure.

A jikin tsinken gwajin gaggawa an shafa siririn layi na furotin ɗin dashe. Idan jinin mutum na ɗauke da sojojin garkuwar da suka taɓa arangama da cutar, sai su manne a layin, ya yi kala.

Ma'ana tsinken sawun cutar yake gani. Bai iya faɗin ko tana nan ko ta tafi.

Wannan bambanci yana da girma, domin WHO ta ce kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu, jikinsu na korar cutar da kansa cikin wata shida ba tare da magani ba. Su da waɗanda suka sha magani suka warke, sojojin garkuwar kan zauna a jininsu na tsawon shekaru, sau da yawa har ƙarshen rayuwa. Duk lokacin da aka gwada su, layi biyu zai fito.

Akwai kuma ɗaya gefen. Sojojin garkuwar kan ɗauki mako 8 zuwa 11 kafin su bayyana. Wanda ya kamu kwanan nan zai iya ba da jini tsinke ya wanke shi, alhali cutar na cikin jinin.

Saboda haka ƙa'ida ita ce a yi gwaji na biyu, wanda ke neman kundin gadon cutar kai tsaye, wato gwajin PCR, ko kuma wanda ke neman furotin ɗin tsakiyarta a cikin jini. Shi ne ke tabbatar da ko mutum na buƙatar magani.

Gwaji na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana buƙatar na'ura da wutar lantarki da ƙwararren ma'aikaci. A wannan gaɓa ce marasa lafiya da yawa ke ɓacewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wani ya koma gida cikin fargaba da cutar da jikinsa ya riga ya kora, har aure ya lalace. Wani kuma da ke da ita da gaske ya koma wajen masu tallar maganin hanta a lasifika, tunda ba ya jin ciwo a jikinsa.

Cutar kuwa ta iya ɓuya. Tana iya shafe shekara 20 ba alama, kafin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na masu ɗauke da ita su wayi gari hantarsu ta ƙanƙance.

Daga almakashi zuwa ƙwayar magani

Kafin 2011, maganin da ake da shi shi ne allurar intaferon haɗe da ƙwayar ribabirin, na tsawon mako 24 zuwa 48. Yana jigata mara lafiya da zazzaɓi da kasala da ƙarancin jini, kuma kusan rabi ne kawai ke warkewa.

Sauyin ya faro ne lokacin da masana suka iya haɗa kayan aikin cutar ɗaya bayan ɗaya da yawan da ya isa a nazarci surarsu. A 1996 aka gano surar NS3, almakashin da cutar ke yanka dogon furotin ɗinta da shi. A 1999 aka gano ta NS5B, injin da ke kwafar kundin gadonta.

Idan an san surar kwaɗo, sai a nemi abin da zai toshe ramin makulli. A shekarar ta 1999 kuma Ralf Bartenschlager da Volker Lohmann a Jamus suka samar da hanyar sa wani ɓangare na cutar ya riƙa kwafar kansa a cikin ƙwayoyin hanta da ke kwalba, abin da ya ba da damar gwada dubban sinadarai. A 2005 Takaji Wakita na Japan da abokan aikinsa suka yi nasarar renon cikakkiyar ƙwayar cutar.

Har yau sunayen magungunan na nuna furotin ɗin da suke kai wa hari. Waɗanda sunansu ya ƙare da "previr" almakashin NS3 suke toshewa, masu "asvir" NS5A, masu "buvir" kuma injin NS5B.

A Disambar 2013 Amurka ta amince da sofosbuvir na kamfanin Gilead, wanda aka sa wa farashin dala 84,000 na mako 12, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Surutu ya yi yawa. A 2014 kamfanin ya ba wasu kamfanonin Indiya lasisin yin irinsa mai rahusa domin ƙasashe masu tasowa.

A 2023 aka cimma yarjejeniya da kamfanonin Viatris da Hetero kan sayar da haɗin sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 a kan dala 60 ga ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Wannan farashin sari ne ga gwamnatoci da manyan shirye-shirye. Wanda ya je kantin magani da kuɗin aljihunsa yakan biya fiye da haka.

Darasin Masar

Masar ce ƙasar da ta nuna abin da za a iya yi da waɗannan kayan aiki guda biyu, gwaji da magani.

Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi gangamin yi wa miliyoyin mazauna karkara allurar maganin tsargiya, da sirinjin gilashi da ake maimaitawa ba tare da an tafasa su yadda ya kamata ba. Wani bincike na ƙasa a 2008 ya gano kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 59 na da sawun cutar a jininsu, adadin da babu irinsa a duniya.

Gwamnati ta sasanta da Gilead a 2014 kan dala 900, sannan kamfanonin cikin gida suka fara yin maganin, farashi ya ƙara faɗuwa.

A Oktoban 2018 ta ƙaddamar da gangamin gwaji kyauta, inda aka gwada kusan mutum miliyan 50 cikin wata bakwai. Muhimmin abin da aka yi shi ne duk wanda tsinke ya nuna, nan take ake ba shi ranar zuwa gwajin PCR, daga can kuma zuwa magani, duk a kyauta.

A Oktoban 2023 WHO ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a kan hanyar kawar da cutar, bayan ta gano kashi 87 cikin 100 na masu ita, ta kuma yi wa kashi 93 na waɗanda aka gano magani.

Wane dangin cutar ake nazari?

Akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, kuma ta fi shafar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya: furotin ɗin da ake haɗawa, daga wane dangin cutar aka samo shi?

Ciwon hanta nau'in C yana da manyan dangi 8, da rassa da dama a ƙarƙashinsu. Bambancin kundin gado tsakanin dangi da dangi ya kai kusan kashi 30 cikin 100.

Galibin binciken farko an yi shi ne da rassan 1a da 1b, waɗanda suka fi yawa a Amurka da Turai da Japan, inda kuɗin bincike da kasuwar magani suke.

Amma a Afirka cutar ta fi daɗewa, ta kuma fi rarrabuwa. Masana na danganta asalin dangi na 2 da Afirka ta Yamma, na 4 ya fi yawa a Afirka ta Tsakiya da Masar, na 5 a Afirka ta Kudu, na 7 kuma an danganta shi da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. A kudancin Kamaru an samu cutar da yawa a jikin tsofaffi, abin da bincike ya alaƙanta da gangamin allurai na zamanin mulkin mallaka.

Illar wannan giɓi ta fito fili a Ruwanda. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna haɗin sofosbuvir da ledipasvir, wanda ke warkar da kusan kowa a Turai, ɗan sama da rabi kawai ya warkar a cikin masu ɗauke da reshen 4r. Dalili shi ne furotin ɗin NS5A na wannan reshe yana da bambancin da ya sa maganin ba ya kama shi sosai.

Sabbin haɗe-haɗen magani sun fi ƙarfi a kan irin waɗannan rassa. Duk da haka darasin yana nan: abin da ba a saka a kwalbar bincike ba, ba za a san halinsa ba sai ya bayyana a jikin mara lafiya. Haka batun yake ga tsinken gwaji, wanda ya kamata a jarraba ingancinsa da jinin mutanen yankin da za a yi amfani da shi.

Me ya sa riga-kafi ya gagara?

Allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B ita kanta furotin ɗin dashe ce da ake haɗawa a cikin yis. An amince da ita a Amurka a 1986, kuma Najeriya ta sa riga-kafin nau'in B cikin alluran yara a 2004. Wannan allura ba ta kare mutum daga nau'in C.

Dalilai uku ne suka sa dabarar ba ta yi aiki cikin sauƙi a nan ba.

Na farko, injin da ke kwafar kundin cutar ba ya gyara kurakuransa, kuma a jikin mutum ɗaya ana iya samun sabbin ƙwayoyin cutar har tiriliyan ɗaya a rana. Kafin garkuwar jiki ta gane fuska ɗaya, cutar ta sauya wata.

Na biyu, E1 da E2, waɗanda su ne riga-kafi zai koya wa jiki ya gane, suna lulluɓe da sinadaran sukari da ke ɓoye su. Bakteriya ba ta iya ƙera su daidai, sai an yi amfani da ƙwayoyin halittar dabba, abin da ya fi wuya da tsada. Sai a 2022 masana a Amurka da Holan suka iya ganin cikakkiyar surar su biyun a haɗe.

Na uku, baya ga mutum, birin cimfanzi ne dabbar da aka dogara da ita wajen gwaji, kuma NIH ta daina tallafa wa irin wannan bincike a kansa a 2015.

Tun 1994 Chiron ya nuna cewa riga-kafin da aka yi da E1 da E2 na iya kare birai daga reshen cutar da aka yi shi da shi, kuma Houghton ya ci gaba da wannan aiki a Jami'ar Alberta da ke Kanada. Wani riga-kafin na daban da aka gwada a kan mutum 548 masu allurar miyagun ƙwayoyi a Amurka ya gaza hana cutar zama a jiki, kamar yadda sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna.

Rashin riga-kafin babban giɓi ne, domin wanda ya warke da magani zai iya sake kamuwa idan jinin mai cutar ya sake shiga jikinsa.

Ina Najeriya ta tsaya?

Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na da nau'in C, yayin da kashi 8.1 ke da nau'in B. Adadin na iya zama kamar kaɗan, amma a ƙasa mai yawan jama'a irin Najeriya yana nufin mutum sama da miliyan ɗaya, kuma wasu yankuna sun zarce wasu sosai. Jihar Nasarawa, inda cutar ta fi matsakaicin ƙasa yawa, ta ƙaddamar da nata shirin kawar da ita a 2020.

Ta jini cutar ke yaɗuwa: ƙarin jinin da ba a tantance ba, sirinjin da aka maimaita, da duk wani ƙarfe mai kaifi da ya taɓa jinin wani ba a tsabtace shi ba, ko askar wanzami ce wajen kaciya da ƙaho da tsaga, ko almakashin mai yankan farce. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko musabaha, ko runguma.

Wajen ƙera kayan gwaji an fara motsi a yankin. Cibiyar Pasteur da ke Dakar ta buɗe masana'antar tsinken gwajin gaggawa a 2020. A Mayun 2025 WHO ta sanar da ba kamfanin Codix Bio na Najeriya lasisin fasahar irin wannan tsinke daga kamfanin SD Biosensor na Koriya ta Kudu, inda za a fara da gwajin cutar HIV.

Sai dai harhaɗa tsinke mataki ɗaya ne. Zuciyar tsinken ita ce siririn layin furotin da ke jikinsa. Muddin daga waje ake sayo shi da dala, farashin gwaji zai ci gaba da bin canjin kuɗi, kuma wasu ne za su ci gaba da zaɓar reshen cutar da za a sa a ciki. Haɗa furotin a cikin bakteriya ko yis aiki ne da sassan nazarin sinadaran halitta na jami'o'i za su iya, idan suka samu wutar lantarki mai ɗorewa, da firjin adana samfura, da kuɗin bincike da ba ya yankewa.

Kafin a kai can, burin WHO shi ne zuwa 2030 a gano kashi 90 cikin 100 na masu cutar, a yi wa kashi 80 magani. Masar ta nuna cewa gwajin farko ba ya wadatarwa sai an ɗaure shi da na biyu, an kuma ɗauke wa talaka kuɗinsa.

Ga wanda aka ce tsinke ya nuna yana da nau'in C, tambayar farko da zai yi wa likita ita ce ina zai yi gwajin tabbatarwa. Idan ya nuna cutar ta tafi, ba ya buƙatar magani. Idan kuma tana nan, akwai maganin da ke kawar da ita cikin kimanin mako 12, kuma gara a sha shi tun hanta ba ta ƙanƙance ba.